Ciwo da rikicin gida: abin da na gani a addu'ar maƙwabtanmu Kirista

Yau zan taɓo wata magana da na san wasu za su ce me ya kai ni. To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe, sannan kowa ya faɗi ra'ayinsa cikin mutunci.

Duk wanda ya taɓa riƙe shirin da masu saurare ke bugo waya kai tsaye a gidan rediyo ya san da wuya mutum ya kawo kukan ciwo shi kaɗai. Mace za ta ce a taya ta da addu'a, ƙafarta ta kumbura wata uku, kafin ta aje waya sai ta ƙara da cewa maigidan ma ya daina shiga ɗakinta. Dattijo zai ce hawan jini ya kwantar da shi, in ka ɗan tona sai ka ji ashe shi da ƙanensa shekara biyu ba sa ga-maciji saboda gonar gado. Wata ta ce tamowa ta kama yaronta, uwar miji kuma ta ce nononta ne ba shi da kyau. Ciwo da rikicin gida tare suke shigowa kamar tagwaye. Wani lokaci ciwon ne ke haifar da rikicin, wani lokaci kuma rikicin ne ke hana a nemi magani da wuri.

Mu Musulmi mun san inda muke kai irin wannan kuka. Akwai tofi, akwai rubutun sha, akwai saukar Alƙur'ani da sadaka, in maganar aure ce kuma ga iyaye, ga liman, ga mai gari, har zuwa fadar sarki. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne yadda ƴan tsirarun Kiristocin da ke zaune cikinmu suke yi da nasu kukan, alhali katanga ɗaya ta raba mu da wasunsu. Ni Musulmi ne, kuma ba malami ba ne, saboda haka hukunci na bar wa masu shi. Labari na zo bayarwa, shi ne aikina.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. A nan wajenmu, Tarka da Belbeji da Tanut, sun ma fi haka ƙaranci. Yawancinsu aiki ne ya kawo su: malaman lakwal, ma'aikatan likita, jandarmomi, da ƴan kasuwa kaɗan. Amma ba baƙi ba ne a ƙasar. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, suka kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na masu kuturta a Danja a 1956. Daga wannan tushe aka sami ikilisiyar EERN, wadda da yawan mabiyanta Hausawa ne, da Hausa suke waƙa, da Hausa suke addu'a. Littafinsu ma an fassara shi gaba ɗaya da Hausa tun 1932. Ƴan Katolika kuma na jiharmu suna ƙarƙashin bishop ɗin Maraɗi tun 2001. Kuma mu faɗi gaskiya, wane ne a Damargu bai san wani nasa da aka kai Galmi aka yi masa aiki ya dawo da ƙafarsa ba?

Ran Lahadi sukan taru a ɗaki ɗaya, su yi waƙoƙinsu, a karanta musu littafi, sannan kafin a tashi a buɗe fili kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Wannan ya ce matarsa na kwance, wancan ya ce shi da wansa sun ɓata, wata ta ce ɗan maƙwabcinta, Musulmi, sanƙarau ya kama shi. Duk a haɗa a yi addu'a a kai. Cikin mako matan su bi gidajen marasa lafiya, da ɗan kunu ko sabulu a hannu. Addu'arsu ba ta da tsawo. Sukan rufe ido, su yi magana da Hausar da ni da kai muke yi a kasuwa, su rufe da sunan Yesu. A nan muka rabu da su a aƙida, kuma ba wanda ke ɓoye wa wani.

Na taɓa tambayar wani mushe daga cikinsu (ƴan'uwa na Najeriya kada ku yi dariya, malamin lakwal muke kira haka) daga ina suka samo wannan tsari. Ya ce a wasiƙar Yaƙub, sura ta 5, an umarci marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai, kuma a wuri guda aka ce masu bi su riƙa faɗa wa juna laifinsu. Ya ce a littafin Matta an koya musu cewa wanda ya san ɗan'uwansa na riƙe da shi ya fara zuwa su shirya kafin ya miƙa baikonsa, an kuma jera matakan sulhu: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka zo da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban jama'a. Ya ƙara da cewa Luka, ɗaya daga cikin marubutan littafin nasu, likita ne, don haka bai ga ta inda mai bi zai ƙyamaci allura ba. Wato a wurinsu ma ciwon jiki da ciwon zumunci a tabarma guda ake shimfiɗa su.

Amma faɗa da baki ba wuya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da ya faru a unguwarmu, a kan idona. Na nemi izinin masu labarin kafin in rubuta, suna da gari kuwa ba zan faɗa ba.

Wata yarinya ce daga wani ƙauye a arewacin Tarka. An yi mata aure tana wajen shekara goma sha shida, cikin fari ya zo, mijin yana ci-rani. Naƙuda ta kama ta, kunyar haihuwar fari ta hana ta magana sai da abu ya yi tsanani. Aka ba ta rubutu, aka ba ta jiƙo, ana jiran a samu mijin a waya ya ba da izini. Sai a kwana na uku aka ɗora ta a amalanke zuwa likita. Majo na ganinta ya ce wannan ta fi ƙarfin nan, aka wuce da ita Damagaram. An ceto ranta, jaririn kuwa ya riga ya koma. Bayan ƴan kwanaki ta farka ta ga shimfiɗarta jiƙe. Yoyon fitsari ya same ta.

Bari in tsaya nan in yi bayani, don rashin saninsa ne ya kusa raba dangi biyu. Idan naƙuda ta daɗe, kan jariri ya tsaya a ƙugu ya kasa fita, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan kwanaki ya zube ya bar huji. Ta wannan huji fitsari ke zuba dare da rana, mace ba ta da ikon riƙe shi. Ba aljani a ciki, ba sammu, ba kuma alhakin wani namiji da ake cewa ta ɓoye. Doguwar naƙuda ce da jinkirin zuwa likita. Kuma ana ɗinke shi, mata da yawa sun warke sarai. Saboda yawansa a ƙasashe irin namu ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 23 ga Mayu, tun daga 2013.

Da mijin ya dawo bai sake ta ba, bai kuma riƙe ta ba. Cewa ya yi ta je gida ta ji sauƙi, kun dai san irin wannan magana. Uwarta ta tafi wurin wani mai duba, ya buga ƙasa ya ce aikin na cikin gida ne, wata doguwar mace ce mai wushirya. Duk ƙauyen mace ɗaya ce ta dace da wannan siffa, matar wan mijin. Shi ke nan, wuta ta kama. Gidaje biyu suka daina gaisawa. In matan wannan gida suna bakin rijiya, na wancan sai su jira su tashi. Aka yi suna ba a aika goro ba. Matar da aka zarga ta zama abin nuni, yara na gudu in sun hango ta.

Ita kuwa yarinyar aka kawo ta wurin gwaggonta a unguwarmu, don a ƙauye ta kasa fita ko ƙofar gida. Ta ware tabarmarta can gefen danga. Ta rage shan ruwa don yoyon ya ragu, abin da ya ƙara wa fitsarin ƙarfi da wari, ya kuma ci mata fata. Abin da ya fi ba ni tausayi, ta daina salla, don a ganinta ba ta da tsarki. Sai da gwaggon ta kai maganar gaban limaminmu, ya ce subhanallahi, wa ya gaya mata haka? Ya bayyana musu cewa a mazhabarmu ta Malikiyya wanda fitsari ke zubo masa ba tsayawa mai uzuri ne, ta yi alwalarta ta yi sallarta, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ranar ta yi kuka kamar ranta zai fita, amma ta tashi ta fuskanci gabas.

Katanga ɗaya da gidan gwaggon akwai matar mushen nan da na ambata, mutuniyar wajen Maraɗi, tana ɗinki da keke. Ita ta lura da tsummokaran da ake shanyawa kullum a bayan ɗaki, ta gane, don ta taɓa ganin irinsu a garinsu. Ta shigo ta gaida gwaggo, ta zauna a kan tabarmar yarinyar, tabarmar da kowa ke kewayewa. Ba ta toshe hanci ba. Suka yi hira kwana da kwanaki kafin ta kawo maganar Danja, inda aka buɗe cibiyar ɗinkin yoyon fitsari a 2012. Sannan wata rana ta ce da gwaggo: "Inna, in kin yarda zan yi mata addu'a irin tamu. In ba ki yarda ba, ba komai, zan yi a ɗakina." Gwaggo ta yi shiru, can ta ce: "Madam, lafiya kowa na so. Yi, amma ɗiyarmu Musulma ce." Ta ce: "Na sani, Inna."

Gwaggon ce ta ba ni labarin abin da aka roƙa, don ya tsaya mata a rai. Ta roƙa wa yarinyar lafiya. Ta roƙi Allah Ya yi wa hannun likitan da zai yi aikin jagora. Ta roƙa wa mijin taushin zuciya. Sannan ta ambaci matar da ake zargi, ta roƙa mata alheri ita da ƴaƴanta. Nan fa gwaggo ta ce a'a, ba a gidanta ba, ya za a yi wa mayya addu'a? Matar mushe ta ce: "Inna, in ita ta yi, addu'a ta fi zagi saurin kama ta. In kuwa ba ita ta yi ba, alhakinta fa muke ɗauka, kuma marar lafiya ba ta buƙatar ƙarin kaya." Gwaggo ba ta amsa ba, amma ta ce mini daren nan ba ta yi barci ba.

Matan zumuntarsu, waɗanda ba su kai yatsun hannu biyu ba, suka haɗa jikka goma sha biyar. Liman ya yi magana bayan sallar Juma'a ba tare da kama suna ba, aka sami abin da ya fi haka. Matar mushe ta rufe kekenta ta raka su da kanta, tafiyar yini guda cur a motar kasuwa, da leda a ƙarƙashin zane, da fasinjoji masu yamutsa fuska. A can aka yi mata aiki, ta yi wajen mako biyu da robar fitsari, ranar da aka cire ta kwana ta tashi shimfiɗa a bushe. Gwaggo ta ce ana wa'azin Kirista a wurin, ana addu'a, ba a ɓoye ba, amma ba wanda ya hana su sallarsu, ba kuma wanda ya ce sai sun canja addini za a taɓa ta. Ta tafi Musulma ta dawo Musulma.

Saura ciwo na biyu. Likitoci sun sallame ta da sharaɗi: wata da watanni ba kwanciyar aure, in kuma ta sake samun ciki, awo tun da wuri, haihuwa a asibiti ta hanyar aiki. Irin wannan sharaɗi mace ba ta iya cika shi ita kaɗai, sai da sanin miji. Shi kuwa da ya ji ta warke sai ga shi da ƴan biko. Aka zauna a zauren mai gari, da iyaye, da liman. Aka gayyaci mushe saboda takardar asibiti da Faransanci take, a karanta wa kowa ya ji. Ya karanta, ya fassara dalla-dalla: naƙuda ta kwana uku, kan jariri ya danne, nama ya mutu. Mai gari ya tambaya ko takardar ta ambaci hannun wani. Ya ce ranka ya daɗe, babu. Liman ya karɓa ya yi nasiha kan zato da ƙazafi, ya tunatar da girman zunubin zuwa wurin masu duba. Aka aika aka kira matar da aka zarga. Uwar yarinyar ta durƙusa gabanta ta nemi gafara. Matar ta ce shekara guda ke nan ko gaisuwar mutuwa ta je sai a ja zane, sannan ta fashe da kuka ta ce ta yafe duniya da lahira.

Auren fa? Bai komu ba. Aka tambayi yarinyar, ta sunkuyar da kai ta ce da mahaifinta: "Baba, wanda bai leƙo ni ina wari ba, ina tsoron ranar da wani ciwon zai sake zuwa." Uban bai tilasta ta ba. Aka rabu cikin mutunci, aka kwashe mata kayan ɗakinta ba tare da ko cokali ya ɓata ba. Matar mushe ta so auren ya gyaru, ta yi ta roƙon haka, don su a wurinsu rabuwar aure abu ne mai nauyi ƙwarai. Da na tambaye ta ko ta ji addu'arta ta faɗi, sai ta ce ita roƙo aka ce ta yi, ba a ce ta tsara wa Allah yadda zai amsa ba. Yau gidajen nan biyu suna cin tuwon sunan juna. Yarinyar kuma ta koyi ɗinki a kan keken nan.

To jama'a, kada wani ya ɗauka cewa nake duk abin da aka kira addu'ar Kirista haka yake. Akwai wata iri da ke shigo mana ta parabol da waya. Mai wa'azi cikin kwat mai ƙyalli, ya ɗora hannu mutum ya faɗi, gurgu ya jefar da sanda, a ƙasan allo ga lambar da za ka aika kuɗi a aiko maka ruwa ko mai. Da yawa a nan sun kalli Emmanuel TV ta marigayi T.B. Joshua na Legas, wanda ya rasu a watan Yuni 2021, har da Musulmi masu kallo a ɓoye. A watan Janairu 2024 BBC ta fitar da bincike inda wasu tsofaffin almajiransa suka ce shirya irin waɗannan abubuwan al'ajabi ake yi, cocin kuma ya yi watsi da zargin. A Kenya, a 2023, an tono gawa fiye da 400 a dajin Shakahola, na mabiyan wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, waɗanda aka ce an umarce su su yi azumi har mutuwa. Kiristocin unguwarmu sun fi ni jin haushin irin waɗannan. Mushe ya ce duk faston da ya ce ka zubar da maganin likita don ka nuna bangaskiya, ko ya ce uwar mijinki ce ta ɗaure miki mahaifa, ka riƙe aljihunka ka nemi ƙofa.

Kafin mu yi musu dariya mu dubi namu. Ranar kasuwa ga mai lasifika da kwalba ɗaya mai maganin basir da sanyi da ciwon suga da mallakar miji. A WhatsApp ga saƙon murya na yawo, wani "malam" na cewa a turo kuɗi zai karya farraƙu daga nesa. Gidajen rediyo ma suna zuwa da kuɗinsu su nemi minti goma sha biyar. Rigar ce ta bambanta, wannan da kwat wancan da rawani, amma sana'ar guda ce. Dukansu sun gane abin da na faɗa da farko, cewa marar lafiya yana zuwa da ciwo biyu, sai su kama na biyun su yi ta murzawa. Ba abin da ya fi saurin buɗe bakin jaka kamar a ce maka ga wanda ya yi maka. Kuma kullum na kusa ake nunawa: kishiya, uwar miji, matar wa, ɗan uba. Ba a taɓa cewa wani baƙo ne a Yamai. Marar lafiya ya koma gida da ciwonsa, an kuma raba shi da mutanen da za su yi jinyarsa.

Shi ya sa ni yanzu, in an ce ga mai addu'a, ko daga wane ɓangare yake, abu uku nake dubawa. Ya tura ka likita ko ya hana ka? Ya nuna maka maƙiyi cikin danginka ko ya ce je ku shirya? Ya yanka farashi kafin ya buɗe baki? Limaminmu da matar mushe ba su taɓa zama sun tattauna aƙida ba, kuma da sun zauna ba za su daidaita ba. Amma a kan waɗannan uku amsarsu ɗaya ce, shi ya sa yarinyar nan take tafiya yau cikin mutane. Hausawa sun ce Allah Ya ce tashi in taimake ka. Addu'ar da na gani da ƙafa ta zo, ta zauna a tabarma, ta shiga mota.

Akwai kuma wani gefen da ya kamata a faɗa, don mata na bugo waya a kansa. Addu'ar gyaran aure tana iya zama kwaɗon da ake kulle mace da shi. A wurinmu kalmar ita ce haƙuri, a wurinsu a ce ci gaba da addu'a, Ubangiji zai taɓa zuciyarsa. Haƙuri gaskiya ne, addu'a gaskiya ce. Amma macen da ake duka har ta yi ɓari, ko aka bar ta da yara ba hatsi wata shida, in ka ce mata ta yi ta addu'a ka juya ka tafi, ka taya azzalumi ne. Wanda ya yi mata addu'a shi ya kamata ya fara zuwa ya sami mijin, in ya ƙi a kira manya, in ya ƙi a kai gaba. Matakan nan suna cikin littafinsu, suna cikin namu, suna cikin al'adarmu tun kaka da kakanni. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ƙarfin halin takawa.

Na san abin da ke ran wasu, don ba mu manta ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari a Yamai, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, abin da ba Kiristan Nijar ko ɗaya da ya sa hannu a ciki. An rasa rayuka. A cikin wannan tashin hankali akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, kuma bayan ƙura ta lafa marasa lafiyarmu sun ci gaba da zuwa Galmi da Danja ana karɓarsu. Ba cewa nake kowa ya je a ɗora masa hannu ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ce a'a cikin ladabi, kamar yadda aka tambayi gwaggo cikin ladabi. Abin da nake cewa, mutumin da ya ambaci sunan ɗanka marar lafiya a gaban abin bautarsa yana nema masa sauƙi, ko ba ka yarda da hanyarsa ba, ba maƙiyinka ba ne.

Kirana na ƙarshe ga mu ƴan Damargu. Damina na wucewa samari za su kama hanyar arewa. Duk wanda zai bar mace da ciki, ya bar izini a bayyane gaban iyayensa, ya bar kuɗin mota a hannun wanda ya amince da shi. Tun zamanin Shugaba Tandja Mamadou gwamnati ta ɗauke kuɗin aikin haihuwa da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, amma ba ta ɗauke nisan hanya ba, wannan namu ne. Kada rana ta fito ta faɗi a kan mace tana naƙuda a gida. In akwai wadda ke ɓoye a bayan danga a ƙauyenku saboda yoyon fitsari, ku gaya mata ana ɗinkewa, a Damagaram, a Danja, a Yamai, majo na kusa da ku zai nuna muku hanya. Ku gaya mata sallarta na nan. In kuma akwai wata baiwar Allah da aka ɗora wa maita saboda ciwon wani, a je a nemi gafararta tun tana da rai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya daidaita tsakanin ma'aurata da ƴan'uwa, Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu. Wanda ya ga gyara ya faɗa, ina saurare.